Ladubban Ƙetare Mashigan Duwatsun Alps a Mota, a Keke da a Ƙafa

Duwatsun Alps, waɗanda suka miƙe tun daga gaɓar Bahar Rum a kudancin Faransa har zuwa ƙofar birnin Viyana, tafiyar kimanin kilomita 1,200 cikin ƙasashe takwas, sun daɗe tsaye tsakanin Italiya da maƙwabtanta, ta yadda duk wanda ya yi nufin ƙetarewa a zamanin da, ko falke ne da alfadaransa, ko sarki da rundunarsa, ko mai ziyara da sandarsa, ba shi da makawa sai ya nemi wurin da dutsen ya ɗan sunkuya tsakanin ƙololuwa biyu, ya hau ta nan, ya gangara kwarin da ke ɗaya gefen. Irin wannan wuri shi ne mashigi. A yau injiniyoyi sun huda duwatsun ta ƙarƙashi: a mashigin Gotthard kaɗai akwai ramin jirgin ƙasa na 1882, da na mota na 1980, da kuma na 2016 mai tsawon kilomita 57, wanda babu ramin jirgin ƙasa da ya kai shi a duniya. Da kaya da masu gaggawa suka koma bin ƙasa, sai tsofaffin hanyoyin sama suka zama na masu son hawan domin kansa, kuma su ne wannan bayani ya nufa. Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu tun daga farko shi ne, galibin waɗanda mashigi ya wahalar sun shirya wa hawa sarai, amma sun jahilci abu biyu, wato sammako da iya sauka.

Sharaɗi na farko sanin lokaci. Mashigan da suka haura mita 2,000 dusar ƙanƙara takan rufe yawancinsu tun daga ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ba a buɗe su sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, bayan motocin share hanya sun yanka tsakiyar ƙanƙarar sun bar ta tsaye dama da hagu, wani lokaci ta fi mota tsawo. Brenner, wanda bai wuce mita 1,370 ba, a buɗe yake duk shekara, haka ma Simplon ana ƙoƙarin share shi cikin hunturu. Amma Iseran na Faransa, mai mita 2,764, wanda ya fi kowane mashigi mai kwalta tsawo a Alps, da Stelvio na Italiya mai mita 2,757, da Galibier mai mita 2,642, kasuwarsu ta wata huɗu zuwa biyar ce kawai. Domin mai karatu ya gane girman waɗannan alƙaluma, ya tuna cewa Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, ke nan mai shan shayi a bakin hanyar Stelvio ya ɗara mai tsaye a ƙololuwarsa da fiye da mita 300. Mafi alherin lokaci a ganina shi ne ƙarshen Yuni, ko kuwa makonnin farko na Satumba, domin Agusta watan hutun Turawa ne, hanyoyi sukan cika da babura da motocin kwana har mutum ya rasa inda zai tsaya. Ko a tsakiyar Yuli, wajibi ne a duba shafin hukumar hanyoyi da rahoton yanayi a daren tafiya da kuma safiyarta, saboda babu watan da dusar ƙanƙara ba ta iya sauka a wannan tsawo.

Ga kuma ƙa'idar da ta hau kan kowa, mai mota da mai keke da mai tafiyar ƙasa. Iska takan ƙara sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, saboda haka wanda ya bar ƙauyen Prad da ke gindin Stelvio cikin digiri 20 ya sa ran tarar da digiri 8 a sama, kafin ma a lissafa iska da gumin da zai bushe a jikinsa. Sa'an nan a watannin zafi, rana takan dumama kwaruruka tun hantsi, tururi ya tashi ya taru bisa ƙololuwa, da azahar ta gota sai hadari ya haɗu da tsawa da ƙanƙara, alhali da safe sama tas take babu ko ɗigon gajimare. Wanda ya fita da sassafe ya kai sama kafin rana tsaka, ya fara gangarowa lokacin da malalata ke fama a tsakiyar hawa, shi ne ya fahimci dutsen.

Mu fara da mota, tunda ita ce mafi yawan baƙi za su hau. Tuƙi a dama ake yi a dukkan ƙasashen nan, kuma hanyoyin mashigai a Suwizalan kyauta ne, manyan tituna ne kawai ke buƙatar takardar shekara ta faran 40 wadda ake liƙawa a gilashi ko a saya ta intanet. A Ostiriya akwai hanyoyin dutse na biya, shahararriyarsu ita ce ta Grossglockner, wadda injiniya Franz Wallack ya jagoranci gininta aka buɗe a 1935, tsawonta kilomita 48 da lanƙwasa 36, tana haurawa har mita 2,504 a Hochtor; faɗinta da kyan kwaltarta sun sa ita ce makarantar da ta dace da sabon shiga. Wajen hawa babu wata mas'ala babba. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 saboda ƙarancin iska, don haka direba ya sauko lamba tu tun kafin ya shiga lanƙwasa, kada ya tsaya canjin giya a tsakiyarta, ya kuma riƙa satar kallon allurar zafi.

Gangara ita ce jarrabawa. Motar da ke saukowa daga mita 2,700 zuwa mita 900, duk nauyinta da tsawon da ta faɗo zafi suke komawa, kuma in direba ya ɗora ƙafa a kan birki ya bar ta can kilomita bayan kilomita, zafin nan gaba ɗaya cikin birkin zai taru, har faranti ya yi ja, man birki ya tafasa, a taka a ji ƙafa ta nutse ƙasa ba tare da motar ta saurara ba. Maganin abin shi ne a sauka da giyar da aka hau da ita, lamba tu ko tiri, a bar injin ya riƙe motar ko da yana kuka, a taka birki da ƙarfi na ɗan taƙi kafin lanƙwasa, sa'an nan a ɗaga ƙafa ya sha iska. Mai mota otomatik ya mayar da ita ƙaramar giya da hannunsa. Amma sakin mota a firi domin tsimin mai, wannan haramun ne a shari'ar dutse, babu saɓani a cikinsa. In aka ji warin ƙauri, a nemi fili a tsaya kamar rabin sa'a, a bar motar cikin giya, kada a watsa wa birki ruwa domin farantin yana iya karkacewa.

A hanya matsattsiya, dokar Suwizalan ta ba mai hawa fifiko: mai gangarowa shi ke tsayawa, in kuma sai an yi ribas shi ke yi, sai dai in mai hawan ya fi kusa da wurin raɓewa, ko kuwa ɗaya motar babba ce, domin ƙarama ke ja wa babba baya. Akwai kuma safa mai launin rawaya ta hukumar gidan waya, wadda ke kai mutanen ƙauyuka da masu yawo har saman mashigai. Kafin ka gan ta za ka ji ham ɗinta mai murya uku yana amsawa tsakanin duwatsu; to, da ka ji shi, ka tsaya nesa da lanƙwasar da ke gabanka, domin in ta iso sai ta kai goshinta har bakin katangar waje, gilashinta na gaba yana leƙen rami, tayoyin bayanta suna shafar gefen ciki, ta cinye faɗin hanyar kakaf kafin ta miƙe. Wanda ya kutsa kai a wannan lokaci zai yi ribas a kan gangara, fasinja arba'in suna kallonsa ta taga. Mai son ya haɗa mashigai da yawa a yini guda ya tashi daga Andermatt ya bi Furka mai mita 2,429, inda ake hangen kogin ƙanƙarar da kogin Rhône ke fitowa daga gare shi, ya hau Grimsel, ya komo ta Susten, kimanin kilomita 120. In kuma yana son jin irin wuyar da mutanen zamanin da suka sha, ya gwada Tremola, tsohuwar hanyar Gotthard ta kudu wadda har yau shimfiɗar duwatsu ce. Sai dai fa in an bi ta gaskiya, direba shi ne ya fi kowa ƙarancin rabo, domin idonsa yana kan kwalta, waɗanda ya ɗauko su ke more kallo.

Keke kuwa, shi ne ma'aunin da ba ya ha'inci, domin kowace mita da aka hau sai an biya ta da numfashi. Tun 1911, shekarar da tseren Tour de France ya fara bi ta Galibier, mashigan nan suka zama wuraren da mahaya keke ke ɗokin zuwa, kuma Stelvio ya sami ɗaukakarsa a 1953 lokacin da Fausto Coppi ya tsere wa abokan karawarsa a kansa ya ci gasar Giro ta Italiya. Bari mu ɗauki Stelvio ɗin ya zama misali. Daular Ostiriya ce ta gina hanyar tsakanin 1820 da 1825 a hannun injiniya Carlo Donegani, domin ta haɗa ƙasarta da lardin Lombardiya da take mulka a lokacin. Daga Prad zuwa sama kilomita 24 ne da 'yan kai, hawan kimanin mita 1,800, matsakaicin tsayuwarsa kashi 7 da ɗoriya cikin ɗari, ma'ana duk mita ɗari da ka ci gaba ka ɗaga sama mita bakwai. Lanƙwasa 48 ce, kowace da lambarta a gefen hanya, ana ƙirgawa daga 48 a ƙasa zuwa 1 a sama, kuma wannan lissafi rahama ne ga wanda ya kusa, azaba ga wanda ya fara haki tun yana ta 40.

Asirin hawa giya ne da haƙuri. A nemi keke mai ƙaramin faranti na gaba mai haƙori 34, da babban na baya mai 32 ko 34, ta yadda ƙafa za ta riƙa juyawa da sauƙi. Girman kan da ke sa saurayi ya ƙi ƙaramar giya shi ne ke sa a tarar da shi yana tura keke bayan ƙauyen Trafoi. Ma'aunin sauri kuwa mai sauƙi ne: in ba ka iya yi wa abokin tafiyarka magana cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ta ba, ka wuce ƙima, ka rage. Sannu ba ta hana zuwa. A ci ɗan abu kowane rabin sa'a tun kafin yunwa ta yi sallama, dabino ko ayaba ko burodi, a sha ruwa a kai a kai, a cika gora a famfunan ƙauyuka, waɗanda ruwansu na sha ne sai in an rubuta akasin haka. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yakan yi sa'a biyu da rabi zuwa uku, wani ya fi, kuma babu aibi a tsayawa. Inda zuciya ke raurawa shi ne wajen Franzenshöhe, inda itatuwa suka ƙare, mahayi ya ɗaga kai ya ga sauran hanyar duka a gabansa, ta ninku bisa bangon dutse, katanga kan katanga, motoci suna rarrafe a kai ƙanana, gine-ginen mashigin kuma suna can sama kamar a miƙa hannu a taɓa, alhali saura tafiyar kusan sa'a guda. A nan hikima ita ce a sauke ido, a nemi lamba ta gaba kaɗai. A cikin lanƙwasa a bi ta gefen da ya fi faɗi matuƙar yana cikin hannunka, domin can ne hawan ya fi kwanciya, ƙafa takan sami hutun 'yan daƙiƙu.

Da an kai sama, kafin hoto, kafin komai, a sa rigar iska da safar hannu mai rufe yatsu, domin jikin da ya jiƙe da gumi zai yi rabin sa'a ko fi yana keta iska mai sanyi ba tare da motsi ba, kuma yatsun da suka sandare ba sa kama birki. A riƙe kan keke ta ƙasa inda yatsa ya fi samun birki, a ja gindi baya kaɗan bisa sirdi, a rage gudu tun hanya tana miƙe, domin birki a tsakiyar lanƙwasa shi ke zame taya. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin, sai dai a matsa shi a hankali, kada a fizga. In an shiga lanƙwasa, fedar waje ta kasance a ƙasa da nauyin jiki a kanta, ido kuma ya tafi inda ake son fita, saboda keke inda ido ya kalla yake bi, wanda ya ƙura wa rami ido ramin zai nufa. Abin da aka faɗa wa direba game da zafin birki ya hau kan mai keke: riƙe birki ba sassautawa yana dumama bakin ƙafar keken har tayar ta iya fashewa. A kula da tsakuwa, da ruwan ƙanƙara mai ratsa kwalta, da kashin shanu, da shanun kansu, waɗanda ba su san wata doka ba. Mai gangarawa ta ɗaya gefen Stelvio, wajen garin Bormio, ya kunna fitila gaba da baya saboda matsattsun ramukan dutse da ke can. Mai son komawa Prad ya karkata ta mashigin Umbrail ya faɗa Santa Maria a Suwizalan ya zagayo, kuma fasfonsa ya kasance a aljihu, tunda ya ƙetare iyaka. Sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, akan rufe Stelvio ga motoci a bar wa masu keke, dubbai sukan hallara.

Tafiyar ƙasa ita ce asali, kuma mashigin da ya fi cancanta a taka shi da ƙafa shi ne Grand Saint Bernard, mai mita 2,469, tsakanin Martigny ta Suwizalan da Aosta ta Italiya. Rumawa sun bi shi har sun gina wa gunkinsu ɗaki a kansa. A ƙarni na 10, Musulmin Andalus da suka kafa sansani a Fraxinetum, kusa da gaɓar Faransa, sun riƙe mashigan yankin, har a 972 suka kama Maiolus, shugaban ruhubanawan Cluny, a kan wannan hanya, aka fanshe shi da azurfa. Wajen 1050 wani malamin Kirista mai suna Bernard ya gina masauki a can sama domin ceton matafiya, kuma har yau ruhubanawa ke riƙe da shi, suna karɓar baƙo ko wane ne, rani da hunturu. Su ne suka yi kiwon manyan karnukan nan masu tono mutane daga ƙanƙara. A watan Mayu na 1800 Nafoliyon ya ƙetare da sojoji kimanin 40,000, ana jan igwa cikin kututturan da aka fafe, shi kansa bisa alfadari, ko da yake mai zanensa ya ɗora shi a kan ingarma.

Mai tafiya ya koyi lissafin lokaci irin na ƙungiyoyin hawan dutse: sa'a guda ga kowace kilomita 4 ta tsawon hanya, sa'a guda ga kowace mita 300 ta hawa ko mita 500 ta sauka, sa'an nan a ɗauki babban adadin a ƙara masa rabin ƙaramin. Daga ƙauyen Bourg-Saint-Pierre zuwa masaukin Grand Saint Bernard kimanin kilomita 12 ne, sa'a uku ke nan, hawan kuwa mita 800 da ɗoriya, kusan sa'a uku. In aka haɗa bisa ƙa'idar sai a sami sa'a huɗu da rabi, ban da hutu. Alamun hanya a Suwizalan hawa uku ne: rawaya ta kowa ce, fari da ja da fari tana son takalmi mai rufe idon sawu da ƙafa mai tabbata, fari da shuɗi da fari kuwa ta gwanaye ce, baƙo ya bar musu. A jaka a sa rigar ruwa, da rigar ɗumi, da hula, da man kare fata daga rana, da taswira ta takarda, domin waya takan mutu da sanyi. A nan ma sauka ta fi ɓarna, gwiwa ke ɗaukar nauyi, kuma gajiya ta riga ta rage hankali. A taƙaita taku, a dogara da sanduna biyu. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta hanya da nisa, karen da ke gadin tumaki kuma a tsaya cik har ya gama shinshina, kada a ɗaga masa sanda. In tsawa ta riski mutum a sama, ya bar tsauni da itace tilo, ya ajiye sandunan ƙarfe nesa, ya tsuguna bisa jakarsa ƙafafu a haɗe. Lambar neman agaji 112 ce a ko'ina, 1414 ta jirgin ceto a Suwizalan, 140 a Ostiriya. In babu waya, a busa usur ko a haska fitila sau shida cikin minti guda, a dakata minti guda, a maimaita, amsar masu ceto sau uku ce. Ceto da jirgi mai saukar ungulu yana da tsada ƙwarai, don haka a tabbata inshorar da aka yi wajen neman biza ta ƙunshi haɗarin dutse. Wanda ya ji daɗin yini ɗaya yana iya ɗaura niyyar zagayen dutsen Mont Blanc, kimanin kilomita 170 cikin ƙasashe uku, tafiyar kwana goma ko sha ɗaya, amma sai ya kama gado a masaukan dutse watanni kafin lokaci.

Saura abin da ya shafi Musulmi matafiyi. Alƙibla daga Alps kudu maso gabas take. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, lisha takan kai wajen 11 da rabi, alfijir kuma ya keto wajen ƙarfe 3, saboda haka mai son sammako ya tsara barcinsa, ya kuma amfana da rangwamen ƙasaru da jam'i da shari'a ta yi wa matafiyi bisa sharuɗɗansu. A masaukan dutse ana kashe fitila da ƙarfe 10, mutane da yawa ke kwana ɗaki guda, don haka ya fi kyau a nemi wani lungu a waje ko a ɗakin cin abinci, a kuma gaya wa mai masauki tun da rana. Abinci kuwa yana son tambaya: busasshen naman da ake kira speck na alade ne, yakan ɓuya cikin miya da soyayyen dankali da curin burodi, tsiran da ake gasawa a saman Stelvio ma galibi da alade a ciki, narkakken cukun da ake kira fondue kuma da ruwan inabi mai sa maye ake dama shi. Wanda ya faɗa tun lokacin kama gado cewa ba ya cin nama, za a ba shi taliya, ko tuwon masarar da suke kira polenta, da cuku da ƙwai da miyar ganye, kuma waɗannan sun isa su hau da mutum kowane mashigi.